Kibiyar da Na Ja Zuwa ga Rumasa'u

Daren jiya mafarki ya kai ni wani gari inda ake gina manhaja kamar yadda ake gina unguwa. Ruwan sama daga ƙasa yake tashi, don haka kowa a kan lemarsa yake tsaye. Shugabar ofishinmu akuya ce mai tabarau, tana tauna wayar caja.

Ta raba aiki. Nafi'u, abokin aikina, ta ba shi babban tsari: ya hau saman bene ya zana akwatuna a sarari, ya haɗa su da kibiyoyi. Ni kuwa maɓalli guda aka ba ni, in fayyace abin da zai faru in an danna shi, da in an danna shi da fushi, da in sabis ya ɗauke.

Rumasa'u ce ke gwada duk abin da muka gina, kuma saboda ita nake fesa turare kafin in zo aiki. Tana tsaye kusa da ni, amma idonta na sama. Ta ce Nafi'u dai da kallo guda yake ganin garin nan duka. Wallahi sai na ji maɓallin ya yi zafi a hannuna. Duk littattafan soyayyar da na karanta, babu inda aka so mai maɓalli.

Sai ga ni gaban akuya ina roƙon a yi mana musanyar aiki ni da Nafi'u. Ta ce ba komai, in dai zan bar mata hulata ta yi kalaci.

Saman akwai daɗi. Kasuwa akwati ce, tasha akwati. Na nemi Rumasa'u, ashe ita ma akwati ce, an rubuta mata "mai gwaji". Ba wushirya, ba lalle. Duk da haka na zana akwatina, na ja kibiya daga ni zuwa gare ta.

Akuya ta leƙo daga bayan gajimare.

"Me ke cikin kibiyar nan?"

"So ne, ranki ya daɗe."

"So kan magana ne kawai, ɗan nan. Da wace kalma zai fara? In ta yi shiru, ya jira ko ya sake?"

Na ce bari in sauka in rubuta. Ta ce wannan aikin mutanen ƙasa ne, har ta tura wa Nafi'u.

Ina kallo ya zauna a bakin kibiyata yana zuba kalmomi ɗaya bayan ɗaya, yana zaɓe kamar mai tsince shinkafa. Akwatin Rumasa'u ya fara girgiza da dariya. Na yi ihu cewa kibiyar tawa ce, ni na tsara ta. Amma daga sama ihun ma akwati ya zama, an rubuta masa "ƙara", ba mai buɗewa.

Akwatin ihun ya kama gurnani, yana ta gurnani. Na buɗe ido, injin markaɗen maƙwabta ne.