Belun da Ba Shi da Laifi

Ɗanmusa wanzami ya goge ƙarfensa da gefen riga, ya ce wa Jannatu ta buɗe baki. Ta datse haƙora.

Sau biyu yana yanke mata belu tun da muryarta ta dishe. A rugarsu ta bayan Zugu, duk abin da ya taɓa maƙogwaro belu ne, ko da ƙayar kifi ce. Belun ma ya ƙare, amma Ɗanmusa bai rasa abin yankewa ba. Ita kuwa mai tallar nono ce. Ba murya, sai ƙwaryarta ta dawo daga kasuwar Bukkuyum a cike, ga numfashi ya fara yi mata wuya.

"Ki bari a ida aiki," in ji surukarta, Inna Marka. "In ba a cire saura ba, ciwon daji za shi zama. Haka munka rasa ɗiyar Lado."

Tsoron ciwon dajin nan ya daɗe yana cin Jannatu. Amma ta tuna zubar jini bayan yankan belu ne ya kashe ɗiyar Lado, a kan wannan tabarmar. Ta dubi mijinta Manu, ta ce cikin raɗa, "Kai ni asibiti."

Manu, wanda bai taɓa musa wa uwarsa ba, ya tayar da babur.

*

A Gusau aka yi mata aiki, aka auna abin da aka cire.

"Ba daji ba ne, baiwar Allah," in ji likita. "'Yan tsiro ne a kan zaren murya, wata ƙwayar cuta ke kawo su. Suna iya dawowa, don haka ki riƙa zuwa muna dubawa. Belu kam ba ruwansa."

Jannatu ta yi kukan murna har Manu ya ji kunya.

*

Ranar da suka dawo ruga, suka tarar da Ɗanmusa tsugune. Inna Marka ta danne hannuwan Aisatu, ƙaramar ɗiyar Jannatu, wai tari take yi.

"Aje ƙarhen nan!" Jannatu ta daka tsawa.

Shanun da ke bakin shinge suka ɗaga kai. Inna Marka ta saki yarinyar ba ta sani ba. Ɗanmusa ya naɗe zabirarsa yana gunaguni, ya nufi rugar gaba.

Aisatu ta ruga ta rungume ƙafafun uwarta.

"Inna, muryarki ta komo! Ƙara hwaɗi in jiya."