Gemun Maharazu da Injin Jirgi

Maharazu maƙwabcina ne a Madabo, Babarbare, fatauci da kanwa ya gada. Gemunsa har ƙirji, kullum a taje a murje da turare. A zamanin da motoci suka fara yawa a Fage, ya sayo ɗan jirgin ruwa mai inji a wutsiya wurin wani Bature da zai koma gida. Wai zai kai shi Tafkin Cadi ya riƙa jigilar kanwa. Kano kuwa ina kogi? Aka jingine jirgi a bango, inji aka kai ɗakin matarsa Turai saboda ɓarayi.

Isyaku Bafillace, abokin wasansa, ya sa shi gaba. Ya ce Babarbare ya sayi kwami ba ruwa, saura ya sayi sirdi ba doki. Maharazu ya harzuƙa, ya rantse a gaban jama'a: ran Juma'a, kafin faɗuwar rana, zai ƙetare kududdufin unguwa a jirgin nan ba filafili ba gora, in ya kasa Isyaku ya aske masa gemu da hannunsa.

Ran Juma'a an sakko masallaci, unguwa ta cika bakin kududdufi. Isyaku ya aro askar wanzami, ya zauna kan turmi yana wasa ta a tafin hannu.

Aka kawo jirgi bakin ruwa, aka ɗaura masa inji. Maharazu ya naɗa igiya ya finciko. Inji ya yi tari ya yi shiru. Ya sake, har rawaninsa ya warware. Wani ya ce sanyi ya kama shi, aka shanya shi a rana. Wani ya ce injin Nasara ba ya jin Hausa, aka nemo wanda ya taɓa dafa wa Bature abinci ya daka masa tsawa da Turanci. Ko gezau.

Sai aka turo ni, wai ni maƙeri ne. Na ce ni fartanya nake ƙerawa. Amma na taɓa ganin direba a Fage ya kwance wani abu kamar ɗan yatsa, fulogi, ya ce nan wuta take kamawa. Na sa awartaki na kwance. Ya fito baƙi ƙirin, ya yi danƙo, yana ƙamshin ɗakin amarya.

Aka aika a tambayi Turai. Ta leƙo daga soro, ko a jikinta.

"Malam, abu ya kwana a ɗakina yana warin mushe, in zuba masa ido? Humra na ɗura masa a ciki. Mai kyau ma, ta auren 'yarmu Mero."

Dariya ta kada Isyaku daga kan turmi.

Muka tsiyaye tanki, fetur da humra suka malale a gindin jirgi. Na kankare fulogi, na maƙala masa wayarsa, na ɗora a jikin inji yadda direban ya yi, don a ga ko zai yi tartsatsi. Rana ta yi ƙasa. Na ce wa Maharazu ya ja baya. Ya ce injinsa ne, shi zai fara ganin wutarsa. Ya sunkuya, gemu na lilo kan fulogi, ya ce in ja.

Na ja. Akwai wuta kam. Gemun da ya sha turare tun yana saurayi ya kama bal, sai da ya tsunduma kansa a kududdufi tare da kwaɗi.

Bai tsaya duba ɓarna ba. Muka kashe wutar da ta kama gindin jirgi da laka, na mayar da fulogi, aka zuba sabon fetur. Ja ɗaya inji ya ɗauka. Maharazu ya tsaga kududdufi, agwagi na watsewa, ya yi karo da wancan gefe rana na shirin faɗuwa.

Ya zagayo da ƙafa yana ɗiga, ya tsaya gaban Isyaku, ya ce, "Bafillace, mai da askarka kube. Na cika rantsuwa."

Isyaku ya leƙa haɓarsa ta dama, ya leƙa ta hagu, inda 'yan gashi suka rage a murtuke.

"Ka cika, bawana. Amma zauna in daidaita maka, kada yara su ɗauka kan akuyar babbaka ne ya tashi daga wuta."

Maharazu ya shafa haɓa, ya ji abin da ya ji, ya zauna kan turmin.