Wayar da Ɓera Ya Ci

A maɗaba'ar Yaya, na'urar ajiya tana can ƙuryar ɗaki bayan damman takarda, kuma daga cikinta kowace kwamfuta ke ɗauko shafukan da za a buga. Da aiki ya yi yawa sai komai ya koma tafiyar hawainiya. Ƙaninta, wanda haɗa kwamfutoci ne sana'arsa, ya zo ya ƙara waya ta biyu a gefen ta farko, ya saita su suka zama hanya guda.

"Yanzu za su riƙa raba kayan tsakaninsu, Yaya," in ji shi. "In ɗaya ta mutu, ɗayar ta ɗauke duka."

Ta ce to, ta koma kan injin yanka takarda.

Bayan an kwana biyu, ana tsakiyar buga littattafan wata makaranta, mai tsara shafuka ya fara mitar nauyi ya ɗan dawo. Yaya ba ta bi ta kansa ba. Aka gama, aka kai. Sai da ƙanen ya leƙo gaisuwa, ya janye damman, ya tarar ɓera ya gutsure waya ɗaya har tagulla ta fito.

Ta jujjuya guntun a hannunta. "Ashe ɗaya ma ta ishe mu."

"Ta ishe ku, zuwa ranar da zai sake jin yunwa."

Washegari ta sa aka sayo sabuwar waya, ta kuma aro kyanwar maƙwabta, wadda ta mai da saman na'urar wurin barcinta saboda ɗumi.