Ranar da Sista Ta Yi Tambaya

"Ki ɗaga murya, kotu ba ta jin ki," in ji alƙali, bai ko ɗago kai daga rubutunsa ba.

Sista ta gyara tsayuwa. A bencin gaba, inda lauyoyi suka jeru da baƙaƙen rigunansu, ita kaɗai ce mai mayafi da jakar leda cike da takardu. Ita ce mai ƙara, ita ce kuma lauyan kanta. Mutumin da ta maka a kotu, wani mai walda, yana tsaye a wurin ba da shaida, ya dafe katako da hannuwansa masu tabon wuta.

Shekarun baya aka kawo matarsa ɗakin haihuwa a bayan motar kaya, jini ya riga ya ƙare mata. Sista ce ke bakin aiki. Ta yi duk abin da ta iya, amma kafin likita ya gama sa safar hannu uwa da jariri sun cika. Ko arba'in ba a yi ba mai walda ya kai ta wurin 'yan sanda, wai allurar da ta yi ce ta kashe masa mata. Ta kwana tsare a bayan kanta a ofishinsu da fararen kayan aikinta. Kotu ta wanke ta, ya ɗaukaka ƙara. Aka kori wannan, ya koma neman diyya. Aka kori waccan ma, ya rubuta wa hukumar ma'aikatan jinya. Ko'ina an wanke ta, sai dai asibitin da ya dakatar da ita bai sake kiran ta ba. Filinta ya tafi aljihun lauyoyi. A unguwa, matan da ta karɓi haihuwarsu da hannunta suka koma janye yaransu in ta zo wucewa.

Da ta ce ita ma za ta rama, duk lauyan da ta je wurinsa sai ya girgiza kai. Shari'a ce mai wuyar ci, suka ce, domin bai isa a ce ƙararrakinsa ba su da tushe ba. Sai ta nuna cewa ya san ƙarya ce, ƙeta ce kawai ta sa shi. Ta koma gida ta zauna da tsofaffin hukunce-hukuncenta, ta riƙa kwaikwayon yadda lauyoyi ke tsara magana. Rajistaran kotu ya yi ta dawo mata da takardu har ya gaji ya karɓa.

"Malam," ta ce, "ka san cewa ka raba ni da aikina, ka zubar mini da mutunci, mahaifiyata ta rasu tana jin ana ce da 'yarta..."

Lauyan mai walda ya miƙe. "Ya mai shari'a, wannan ba tambaya ba ce, wa'azi ne."

Aka yi 'yar dariya a baya. Yayanta, wanda ya rufe shagonsa ya rako ta, ya ja tsaki mai ƙarfi har ɗan sandan kotu ya harare shi.

"Tambaya ake yi a nan, baiwar Allah," in ji alƙali. "Labarinki kin riga kin ba da shi."

Ta duba takardarta. Tambayoyin da ta yi makonni tana jerawa suka zame mata kamar rubutun wani. Sai ta kife ta a kan benci, ta dubi mutumin kamar yadda ta saba duban mazan da ke kawo mata masu naƙuda.

"Yaushe ciwo ya fara wa matarka?"

Mai walda ya waiwayi lauyansa.

"Ka ba da amsa," in ji alƙali.

"Tun jiyan ranar. Da safe."

"Jini fa?"

"Shi ma."

"Me ya hana ka kawo ta?"

Lauyan ya sake yunƙurawa, alƙali ya ɗaga masa hannu ya koma ya zauna. Mai walda ya ƙura wa katakon da ya dafe ido. Sai yanzu Sista ta lura da yadda ya rame, rigarsa na lilo a kafaɗunsa.

"Akwai aikin ƙofar mutane a hannuna, sun matsa mini," ya ce. "Duk yaranmu a gida ta haife su. Ta ce mini, Baban yara, wannan ba irin na baya ba ne. Na ce ta daure in gama aikin."

Sista ta dube shi ido cikin ido.

"To ranar da ka kai ni wurin 'yan sanda, ka yarda a ranka cewa ni na kashe ta?"

"Kada ka amsa!" Lauyan ya faɗa da ƙarfi, ya manta inda yake.

Amma mai walda bai ko waiwaye shi ba.

"Likita ya faɗa mini tun a ranar. Na san ba ke ba ce." Ya share fuska da tafin hannu. "Amma in ba ke ba ce, Sista, to wane ne? Babbar 'yata ta tambaye ni wa ya kashe mamarsu. Me zan ce mata?"

Alƙali ya daɗe yana rubutu. Da ya gama ya tambaye ta ko akwai sauran tambaya.

"Babu, ya mai shari'a."

Aka ɗage zama zuwa ranar yanke hukunci.

A baranda yayanta ya tare ta, bakinsa har kunne. "Wallahi ƙanwata da lauya kika zama da tuni mun yi mota! Da bakinsa ya faɗa, kowa ya ji!"

Sista ta jingina da bango. Shekaru tana ƙiyasta daɗin da za ta ji a irin wannan rana. Yanzu ga ranar ta zo, abin da take ji kawai shi ne ciwon ƙafa da ɗaci a baki.

Lauyan mai walda ya iso, ya cire hular gashin nan ta lauyoyi, ya sassauta murya. "Hajiya, kin yi ƙoƙari, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki sani, mutumin nan injinansa duk ya sayar a kan shari'ar nan. Gidan da marayun ke kwana ne kaɗai ya rage. In kotu ta ba ki diyya, shi za a sa a kasuwa. Ki janye, a sasanta a gida."

"Lokacin da aka rufe ta, wa ya ce a sasanta a gida?" in ji yayan. "Kai ne fa ka riƙa rubuta masa takardun!"

Lauyan ya kau da kai.

Sai ga mai walda ya fito yana jan ƙafa. Ya zo gabanta ya durƙusa a kan siminti, a tsakiyar masu kai da kawowa, babban mutum da furfura a gemu.

"Sista, don girman Allah ki yafe mini."

Ta dube shi. Ta tuna matar, da yadda ta riƙe mata wuyan hannu a kan gadon nan tana kiran sunayen yaranta ɗaya bayan ɗaya. Ta tuna mahaifiyarta, wadda ta daina zuwa biki da suna saboda ba ta iya haɗa ido da mutane, har ta koma ga Allah. Mutane sun fara taruwa, wata tsohuwa na cewa a yi haƙuri, duniya ce. Kowa ya zuba mata ido, ana jiran ta faɗi abin da aka saba faɗa.

Ta gyara mayafinta, ta matse jakar ledar a hammata.

"Tashi, Malam, kana tare wa mutane hanya," ta ce. "Mu haɗu ranar da alƙali ya sa."

Ta ratsa ta gefensa ta sauka matakala. Da suka kai bakin titi, yayanta ne ya tsayar musu da mota.