Idon da Ke Saman Ƙofa

Shekara ashirin da shida ina ɗinkin littattafai a ɗakin ƙasa na laburaren jami'a. Ɗakin ba shi da taga. Tebur ɗaya ne, da tukunyar gam, da allura da zare, sai ni. Littafin da ɗalibai suka yi wa kaca-kaca a sama, nan ake sauko da shi in ɗinke. Saura mini wata goma sha huɗu in cika shekarun fansho, wanda kuwa aka sallama kafin ya cika, hannu na dukan cinya yake fita.

Sai jami'a ta ce za ta rage ɓarnar wuta saboda muhalli. Ban ga laifinsu ba. Na sha wucewa ta azuzuwa babu kowa, fanka na ta yi wa kujeru fifita. Mai gyaran wuta ya sauko ya cire makunnin bangona, ya manna wani farin abu kamar rabin ƙwai a saman ƙofa.

"Baba, wannan ido ne. In ya ga motsi ya kunna fitila. In minti biyar suka wuce bai ga komai ba, ya kashe."

"In ina zaune fa?"

"Sai ka riƙa taka rawa," in ji shi, yana naɗe waya.

Ɗinki aikin yatsu ne, idon kuma ba ya ganin yatsu. Ina tsakiyar zura allura sai duhu, sai na ɗaga hannu haske ya dawo. Da na gaji na ƙyale shi. Hannuna ya san hanya, na riƙa ɗinki a duhu, ba na neman haske sai zan duba lambar shafi. Har ina ganin na taimaki jami'a.

Ƙarshen wata wata yarinya daga ofishin muhalli ta sauko da takarda. Sa'ar autata ce, mai ladabi.

"Baba, idon nan yana rubuta abin da ya gani. Ya ce awa ɗaya kawai ake amfani da ɗakin nan a rana. Duk ɗakin da bai kai awa huɗu ba, rufe shi za a yi."

"Da ni a ciki, ko a waje?"

Ta sunkuyar da kai. Ni da ita mun san aikin da ba shi da ɗaki ba ya daɗewa. Na nuna mata tulin littattafan da na ɗinke.

"Na gani, Baba. Amma kwamiti ba ya saukowa nan. Takarda yake karantawa."

Washegari na ɗaura tsumma a sanda ina kaɗawa da ƙafa. Idon ko gezau. Da na gaya wa mai gyaran wuta, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ɗumin jiki yake gani, ba a yi masa wayo. To, na koma ɗaga hannu daga safe har tashi, fitila ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Kafaɗata ta yi tsami, gam yana bushewa kafin in shafa.

Yarinyar ta dawo da wata takardar.

"Yanzu kuma, Baba, an ce mutum ɗaya yana cin wutar awa takwas. Ɗakin mutum ɗaya in ya wuce awa biyar, ɓarna ce. Shi ma rufewa ne."

Gaba kura, baya siyaki. Na ajiye allura.

"'Yata, ki bar takardar. Nawa idon yake so?"

Ta waiga bakin ƙofa, ta rage murya. "Huɗu da rabi. Ban faɗa maka ba."

Ban yi karatu mai zurfi ba, amma wannan lissafin bai fi ƙarfina ba. Ɗagawa ɗaya minti biyar, wato sau hamsin da huɗu a rana. Na samo maɓallan riga hamsin da huɗu da gwangwani biyu. In na ɗaga hannu, in jefa ɗaya a ɗaya gwangwanin. In suka ƙare, in zauna a duhu kamar gunki, don ko tari na yi da ƙarfi idon zai rubuta. Fita bayi ma da lissafi, ƙofa a ƙarƙashin idon take.

Da, littafi uku nake gamawa a rana. Yanzu ɗaya ne, hankalina yana kan gwangwani. Littattafan da suka jira suka gaji, ana kwashe su a zubar, a sayo sabbi. Ɗakina kuwa ya fito a takarda cikin waɗanda suka fi kiyaye muhalli.

Ranar hutu muna cin abincin rana, matata ta tsaya da cokali a hannu.

"Malam, wa kake gaisarwa ne? Sau uku ke nan."

Na duba, ga hannuna a sama, rana tar a tsakar gida. Na sauke shi a hankali, ɗayan kuma yana laluben gefen tabarma, yana neman maɓalli.

Saura wata goma sha ɗaya.