Ƙato Bayan Ƙato

Maslaha! Tun da Malam Armaya'u ya shiga siyasa bai taɓa jin kalmar da ta ƙona masa rai kamar wannan ba. Ana gobe zaɓen fid da gwani dattawan jam'iyya suka kira shi gidan ciyaman a Tambuwal, aka ba shi lemo mai sanyi, sannan aka ce masa an yi maslaha, ya janye wa Alhaji Ɗangiwa.

Ɗangiwa fa! Mutumin da ya sha zuwa ƙauyen su Armaya'u can ƙasar Kebbe da alkawarin gada, amma har yau da damina a kafaɗa ake tsallakar da mai naƙuda. Saboda gadar nan ce ma mutanen suka tsayar da Armaya'u.

"Ranka shi daɗe, mi zan ce ma mutanena?"

"Ka ce musu jam'iyya uwa ta," in ji ciyaman. "Kuma gobe bayan Alhaji kaka tsayawa, kowa shi gani. In ka ƙiya a kore ka, garinku kuwa ko rijiya ba shi ƙara gani."

Ya amsa, ransa na tafasa. Kunya ta hana shi kiran gida, sai ya kashe wayarsa, wai shi mai dabara.

Zaɓen kuwa ƙato bayan ƙato ne. Ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna. Da hantsi filin makaranta ya cika ya batse. Armaya'u ya sunkuyar da kai ya nufi can wutsiyar layin Ɗangiwa, inda layin ya lanƙwasa ta bayan ajujuwa, don kada idon sani ya same shi.

Bai daɗe da tsayawa ba ya ji rugugin babura. Ya waiwaya. Mutanen ƙauyensu ne, uku-uku a kan babur, ƙafafu duk laka. Tsoho Jumare, mai unguwarsu, shi ne a gaba. Ba su tambayi kowa komai ba. Sun hango hular Malam, shi ke nan, suka jeru a bayansa har bakin katanga.

"Kai dai dubi gabanka, Malam," in ji Jumare yana haki. "Muna nan bayanka."

Magana ɗaya ta ishe shi: ku fita, wannan ba layinmu ba ne. Ya buɗe baki ke nan sai ya hangi ciyaman tafe da masu ƙirga, idonsa ƙur a kansa. Armaya'u ya haɗiye maganar. Haushin ciyaman yake ji, da na Ɗangiwa, amma haushin kansa ya fi. Yana ji mai ƙirga ya taɓa kafaɗarsa ya wuce, ya taɓa ta Jumare, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, su kuwa har gyara tsayuwa suke yi kada a tsallake wani.

Can aka ɗaga hannun Ɗangiwa, kalangu ya ɗauka. Ciyaman ya karɓi lasifika yana yaba wa Kebbe, wai ta nuna biyayya.

Jumare ya ja gefen rigar Armaya'u.

"Malam, tunda an ƙare da na Alhaji, yaushe za a faɗi namu?"