Kwana Biyu Daga Kalaba

"Wayar nan ta hannunka za ka bari," in ji Talha. "Ba na son komai bayanta."

Zayyad ya juya wayar a tafin hannunsa. Ita kaɗai ce abin da ya mallaka mai ɗan daraja. Shagon Talha wani ɗan akurki ne a bayan tashar Azare, kwamfuta uku da injin buga takarda, sai fanka mai kaɗa kai ba iska.

"Har da caja?"

"Caja kam ka riƙe. Ni ba azzalumi ba ne."

"Kuma sunan zai zauna?"

"A fuskar kwamfutar nan zai zauna, muddin ba a sabunta shafin ba. Can wajen masu ɗaukar aikin kuwa, ko ƙuda bai san da kai ba. Na faɗa maka tun yanzu, kada gobe ka ce na cuce ka."

Zayyad ya zare layinsa, ya miƙa wayar.

Talha ya buɗe shafin wata hukumar tarayya, inda aka jera sunayen waɗanda aka ɗauka aiki. Ya danna wani wuri, sai gefen shafin ya wangale, ga rubutu nan birjik kamar an farke cikin kifi. Ashe kowane shafi yana da kayan cikinsa, kuma wanda ya san ƙofar yana iya sa hannu. Ya laluba layi na goma sha bakwai, ya goge sunan wani bawan Allah, ya rubuta Zayyad Jumare Katagum. Ya rufe gefen. Tambarin gwamnati na nan, adireshin shafin na nan, babu ko tabo.

"Ina kake so a tura ka?"

Zayyad ya ce, "Inda babu ɗan garinmu."

"Kalaba ke nan," in ji Talha, yana bugawa.

* * *

Shekara shida ke nan da Zayyad ya gama karatu. Mahaifinsa, Malam Jumare, ya ƙarar da shanun gadonsa a kan karatun nan, har ya koma su a kogin Jama'are da tsufansa. Bai taɓa yi wa ɗan gori ba. Abin da ya fi gori ciwo shi ne tambayar da yake yi kullum da safe, a hankali, kamar mai tsoron amsar: "Sunan bai fito ba?" Ga hawan jini ya sa shi gaba. Zayyad ya ga idan aka ci gaba a haka, tsohon zai tafi bai ji eh ko sau ɗaya ba.

Malam Jumare mutum ne da ba ya yarda da takarda. Da Zayyad ya ce masa sunan ya fito, ya ce sai ya gani da idonsa. Ranar kasuwa ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya shigo motar Azare.

Talha ya riga ya shirya shafin, ya tayar da janareta don kada ɗaukewar wuta ta tona asiri.

"Sannu da zuwa, Baba. Ga shi nan. A dai kula kada a taɓa madannan."

Tsohon bai iya boko ba, amma ya san siffar sunan ɗansa, tun daga bayan littattafan firamare. Ya ɗora yatsa a kan gilashin, ya bi harufan ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya sake bi.

"Wannan daga Abuja yake fitowa?"

"Kai tsaye, Baba."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. Ya juya ga ɗansa. "Ka riƙe gaskiya a wajen aikin. Shi ke nan abin da zan ce maka."

Suna fita Talha ya danna maɓalli guda, mai sunan asali ya koma layinsa.

* * *

Kalabar Zayyad ba ta wuce hanyar Misau ba. A wani gidan bulo da ke ƙarshen Azare ya sami aikin lebura, da ɗaki mai ƙofar langa-langa a bayan wurin. Ranar kasuwa ba ya leƙa waje, don mutanen Katagum suna cika gari. Masallacin Juma'a ma na can wani ƙauye yake takawa. Ya daina kallon mutane a ido. Leburori 'yan'uwansa suka gaji da jansa da hira, suka sa masa suna Kurma.

Da yamma yakan kira gida da wata ƙaramar waya mai tocila. Sai ya rufe ƙofa tukuna, don kada a ji masu talla da Hausa. Ya ba su labarin ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da teku, da abokan aiki: Jonah mai barkwanci, Madam Phoebe mai faɗa amma zuciyarta fari, Oga Israel. Ƙanwarsa Lauratu har takan ce a gaishe su. Idan ya kashe wayar, ɗakin yakan yi masa wani irin faɗi, duk da ƙanƙantarsa.

Wata takwas ana haka. Ran wata Talata da hantsi Lauratu ta kira, muryarta ba daidai ba.

"Yaya, Baba ya faɗi a bakin kogi. Mun kawo shi babban asibitin Azare."

Daga inda yake tsaye da bulo a ka, tafiyar minti ashirin ce a ƙafa.

Ta kara wa tsohon wayar a kunne. Magana na fita da ƙyar. "Kada ka taso. Sabon ma'aikaci ba ya neman hutu."

"Zan taso, Baba. Yau ɗin nan zan shiga mota."

Ya sauke bulon, ya zauna ya yi tunani. Kowa ya san daga Kalaba kwana biyu ne a mota. Idan ya bayyana yanzu, tsohon zai gane, kuma ganewar ce za ta ƙarasa shi. Idan ya daure zuwa Alhamis da safe, zai shiga da jakarsa a kafaɗa, ya riƙe masa hannu a matsayin ma'aikaci. Kwana biyu ne kawai. Hankali ya ce masa haka ya fi.

Ranar Laraba ya kasa zama. Ya ja hula har gira, ya je ya raɓe a bayan rumfar wata mai ƙosai da ke kallon ƙofar asibitin. Yana nan har rana ta take tsaka. Sai wayar ta yi ƙara.

"Yaya, Baba ya cika." Ta ja numfashi. "Bappa ya ce da la'asar za a kai shi, ba za a jira ba. Kana ina?"

A daidai lokacin wata farar bas ta fito daga ƙofar a hankali. Ya hango Lauratu a kujerar baya, waya a kunne, mayafi a baki. Taku talatin ne tsakaninsu. Ya ɗaga ƙafa ɗaya. Sai ya tuna Bappa, ƙanen mahaifinsa, yana cikin motar, kuma kafin a sauke gawar duk Katagum za ta ji cewa Jumare ya mutu a kan ƙarya.

"Yanzu muka wuce garin Lafiya," in ji shi.

Bas ɗin ta karya kwana. Mai ƙosai ta ce, "Malam, na nawa za a sa maka, ko inuwa ka zo sha?"

* * *

Alhamis da safe ya isa gida. Aka shimfiɗa masa darduma a sahun manya. Masu ta'aziyya suna cewa Malam Jumare ya yi sa'a, sai da ya ga ɗansa ya zama mutum. Da aka yi sadakar uku, Bappa da kansa ya ce ya koma bakin aiki, haka marigayin zai so.

In ana maganar riba, Talha ne ya ci. Bana ma ya ƙara shago na biyu, don masu neman ganin sunansu ba sa ƙarewa. Tsohon ya sami wata takwas yana barci da daɗi, wannan ban san a wane ɓangare zan sa shi ba. Asara kuwa ta Zayyad ce, shi da bai zuba wa mahaifinsa ƙasa ba.

Ya sauka a Azare, ya bi bayan gari zuwa ɗakinsa. Da ya buɗe jakar sai ya tarar Lauratu ta sa masa bandar kifi ƙulli uku, ta rubuta suna a jikin kowanne: na Jonah, na Madam, na Oga. Ya jera su a kan tabarma, ya zauna yana kallonsu, har ƙudaje suka fara taruwa.